Hatsi Ma Yana Numfashi: Amsa Ga Mai Masara Daga Saminaka

Kamar yadda muka saba, ga bayanin da aka gabatar a filin amsa wasiƙun masu sauraro. Mun buga shi yadda aka karanta shi a rediyo, saboda waɗanda shirin ya wuce su suna gona ko suna kasuwa.

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Barkanmu da war haka, barkanmu kuma da sake saduwa a wannan fili naku. Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani manomi, wanda kuma yake taɓa sayen hatsi yana ajiyewa, daga ƙasar Saminaka ta Jihar Kaduna. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce da aka gama girbi ya ɗura masara buhu 40 ya jera a shago, da niyyar in ta yi daraja ya kai ta Dawanau. Bayan 'yan makonni sai ya zura hannu cikin buhun da ke tsakiya, ya ji zafi kamar jikin mai zazzaɓi, ga laima a jikin buhunan, ga wani wari-wari. Da ya ɗora a sikeli kuma sai ya ga nauyi ya ragu. Ya ce shi dai yaron shagonsa ya zarga, har sun yi ka-ce-na-ce, ya kusa korarsa. Sai wani dattijo maƙwabcinsa ya ce masa ya bi a hankali, masara ce take numfashi. Ga tambayarsa: "Malam, abin da ba shi da hanci ba shi da huhu, ta ina zai yi numfashi? Kuma wutar da ta ɗumama masarar nan, wa ya hura ta?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Kafin komai, ka gaishe mana da dattijon nan, domin ya faɗi gaskiya. Amma kafin mu shiga shagonka sai mun fara shiga jikinka tukuna, don kuwa wutar da ta ɗumama masararka ita ce dai take ɗumama ka kai kanka a yanzu haka da kake sauraronmu.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa jikin mai rai yake da ɗumi ko da tsakiyar hunturu ne, gawa kuwa takan yi sanyi? Jikin mutum mai lafiya yana tsayawa wajen digiri 37 a ma'aunin zafi, dare da rana. Ko yana kwance ba ya komai, zafin da yake fitarwa ya kusa na ƙwan lantarki irin na da mai wat 100. Shi ya sa in aka cika ɗaki da jama'a wajen ɗaurin aure, nan da nan sai ka ga ana fifita. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ake ƙonawa.

Wani masani Bafaranshe mai suna Antoine Lavoisier shi ne ya fara tabbatar da haka, wajen shekarar 1783. Shi da abokin aikinsa Laplace suka sa wani irin ɓeran gida da Turawa ke kiwo a cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar, suka kuma auna iskar da yake fitarwa. Sannan suka ƙona gawayi suka yi irin wannan awo. Sai suka ga lissafin ya yi kusa ƙwarai. Daga nan Lavoisier ya ce numfashi ƙuna ce, sai dai ƙuna ce mai tafiya sannu a hankali, ba harshen wuta ba hayaƙi.

Itacen wannan wuta shi ne abincin da ka ci. In ka ci tuwon masara ko na dawa, ko ka sha fura, mafi yawan abin da ke ciki sitaci ne. Shi kuwa sitaci ba komai ba ne illa ƙwayoyin wani sukari da aka jera aka ɗaure kamar carbi. Tun daga baki yawu yake fara tsinka carbin nan, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa sai ka ji ta fara zaƙi. A hanji ake ƙarasa tsinka shi, ya koma ƙwaya ɗai-ɗai. Wannan ƙwaya ita ake kira gulukos, wato dai irin farin garin nan da ake lasa wa 'yan ƙwallo in an tafi hutun rabin lokaci. Daga hanji sai ya shiga jini. Abin mamaki, duk gulukos ɗin da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Rarar da ta saura hanta da tsoka suke ajiyewa, in wuri ya cika a mai da saura kitse.

Jini kuma dillali ne kawai, kai kaya yake yi. Inda ake aikin shi ne cikin ƙwayoyin halitta. Jikin mutum an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kamar yadda ake gina katanga da tubali. Yawansu a jikin mutum ɗaya ya kai wajen miliyan sau miliyan 30. Haka jikin akuya yake, haka na ƙwaro, haka ganyen rama, haka ƙwayar masara. Abin da muke kira numfashi, wato shaƙa da fitarwa, jigila ce kawai ta kai iska ciki da fito da ita. Ainihin numfashin a cikin waɗannan ɗakuna ake yinsa. Ka ga ke nan ba lalle sai da hanci ba.

Yanzu ga matsalar da ɗakin yake fuskanta, kuma ku 'yan kasuwa kun fi kowa saninta. A ce ka fito da safe da takardar naira dubu, kana son goro na hamsin, da ruwa, da kuɗin mota. Kuɗi kam kana da su, amma sai an yi maka canji. To gulukos takardar dubu ce. Ƙarfin da ke cikinsa ya yi wa ƙananan ayyukan ɗaki yawa, in aka sake shi gaba ɗaya ɓarna zai yi, kamar a watsa wa murhu fetur. Saboda haka sai ɗakin ya canza shi zuwa ƙananan kuɗi. Sunan wannan canji ATP, wani sinadari da wani Bajamushe, Karl Lohmann, ya gano a 1929. Da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa, da shi ƙwaƙwalwa ke lissafin riba da faɗuwa, da shi tsiron masara ke fasa ƙasa. Ba a karɓar wani kuɗi a wannan kasuwa sai shi.

Canjin nan hawa uku ne.

Hawa na farko a tsakar ɗakin ake yinsa, kuma ba ya bukatar iska. Gulukos yana da ƙwayar kabon guda 6, wato irin sinadarin da ke cikin gawayi. Sai a bi da shi matakai goma, kowane mataki da ma'aikacinsa, a raba shi gida biyu, uku-uku. A nan akwai abin da zai ba ku dariya: kafin a samu ko sisi sai ɗakin ya fara zuba jarin ATP guda 2, sannan ya samu 4. Riba 2 ke nan. Ashe ko a cikin jiki ma, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ribar 2 kuwa ba ta taka kara ta karya ba, domin mafi yawan ƙarfin yana nan maƙale cikin gutsattsarin nan biyu. Sai a wuce da su hawa na biyu. A cikin kusan kowane ɗaki akwai wasu 'yan ƙananan murahu masu siffa kamar ƙwayar wake, masana suna kiransu mitokondiriya, mu dai bari mu ce murhu. Wani ɗakin yana da ɗaruruwa, na hanta da na tsokar zuciya sukan kai dubbai. Af, kafin in manta, waɗannan murahu daga wajen uwa kaɗai ake gadonsu, uba ba ya ba da ko ɗaya. Iyaye mata, ga wani abin tinƙaho kun samu.

A cikin murhun sai a riƙa ɓantare kabon ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ana bi da shi wani zagaye mai kama da na shanun da ke kewaya turke, inda aka fara nan ake dawowa a ɗauki sabon kaya. Kowane kabon da aka ɓantare yana fita ne a matsayin iskar da ake kira kabon dayoksaid, jini ya kwashe ta ya kai huhu, ka fitar. Wanda ya gano wannan zagaye shi ne Hans Krebs, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus a 1933 lokacin da Hitila ya hau mulki. A garin Sheffield na Ingila ya yi aikin a 1937, da tsokar ƙirjin tantabara ya yi gwajinsa, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1953. A wannan hawa ma ATP 2 kacal ake samu. Amma babban abin da ake yi a nan shi ne, ana zare wani sinadari mara nauyi da ake kira haidurojin daga jikin abincin, ana ɗora wa wasu 'yan dako su kai hawa na uku.

To a hawa na uku ne kasuwa take ci. Wanda ya taɓa zuwa Kainji ko Shiroro ya ga yadda ake yi: a tare ruwa ya taru a bayan bango, sannan a buɗe masa 'yar ƙofa, ya fito da ƙarfi ya juya injin, injin ya ba da lantarki. Haka murhun nan yake. Yana da bango a ciki mai lanƙwasa-lanƙwasa. 'Yan dakon nan suna sauke kayansu a jikin bangon, ana miƙa ƙarfin daga hannu zuwa hannu kamar masu miƙon bulo a wajen gini, kuma a kowane miƙo ana amfani da ƙarfin a tura haidurojin zuwa bayan bango, har ya taru ya yi maƙil yana neman hanyar dawowa. Hanya ɗaya aka bar masa, ta cikin wani ɗan inji. Yana wucewa injin yana juyawa, kowane juyi guda yana fitar da ATP 3. Ba misali nake yi ba, juyawa yake yi da gaske kamar dutsen injin niƙa. Wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, shi ya kawo wannan bayani na taruwa a bayan bango a 1961, masana da yawa suka ƙi yarda, sai da aka yi shekaru ana gardama kafin a ba shi Nobel a 1978. A 1997 kuma wasu masana a Japan suka ga juyawar injin da idonsu ta madubi.

Ina amfanin iskar da muke shaƙa a duk wannan? Tana can ƙarshen layi. Iskar da ke kewaye da mu kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. Aikin oksijin shi ne ta tsaya a ƙarshen masu miƙon nan ta karɓi abin da ya sauko, ta haɗu da haidurojin su zama ruwa. I, ruwa. Jikinka yana ƙera ruwa wajen kofi guda kowace rana ta wannan hanya. In babu mai karɓa a ƙarshe, na kusa da shi ba shi da inda zai sauke, na bayansa ma haka, sai layin gaba ɗaya ya tsaya cik, injin ya daina juyi. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai yi makonni ba abinci, ya yi kwanaki ba ruwa, amma 'yan mintoci kaɗan ba iska sai a ce Allah ya jiƙan rai. Ƙwaƙwalwa ce ke fara faɗuwa, domin ita da nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cin wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke kashewa in mutum yana hutawa.

In aka haɗa lissafi, gulukos guda yana ba da ATP tsakanin 30 da 32. Tsofaffin littattafan makaranta sun ce 36 ko 38, to 'yan makaranta da ke saurare, an sake awo an rage. Kuma ba a tara ATP a ajiye, ana kashewa ana sake ƙerawa ne nan take, har abin da mutum ke juyawa a yini guda yakan kai kusan nauyin jikinsa. Sannan ba duk ƙarfin abincin ne ke zama ATP ba. Abin da ake kamawa bai kai rabi ba, saura yana fita a matsayin zafi. Ɗumin jikinka ke nan.

Saboda haka ka riƙe wannan, Malam, don da shi za mu shiga shagonka: sukari da oksijin ke shiga, abu huɗu ke fita, wato ƙarfi, da zafi, da ruwa, da iskar kabon dayoksaid. Masu kiwo ma ga amsar wata tambaya da kuka sha yi, wai in rago ya rame ina kitsen ya tafi. Kitse ma a murhun nan ake ƙona shi, kuma mafi yawan nauyinsa ta hanci yake fita. A kilo 10 na kitse, fiye da kilo 8 iska yake zama, saura ruwa.

Wani zai ce, to in iskar ta yi ƙaranci fa amma ba ta yanke ba? Misali kana noma ka kama kunya da sauri don ka riga abokinka kai ƙarshe, ko ɗan dambe a tsakiyar fage. A nan tsoka tana bukatar canji fiye da yadda murhu zai iya bayarwa, sai ta dogara da hawa na farko, ta yi ta maimaita shi da sauri tana karɓar ribar bibbiyu. Abin da ke taruwa a nan wani sinadari ne mai tsami, kuma ba a iya daɗewa a haka, dole ka tsaya kana haki. Hakin nan biyan bashi ne. Daga baya zuciya da sauran tsoka su ƙone wani sashe na sinadarin, hanta ta mai da wani sashe gulukos. Irin wannan tsamin ne ƙananan halittu ke yi a cikin madara ta zama nono, shi ne kuma tsamin kamu da na ƙullun koko. Yis ɗin masu burodi da fanke shi ma hawa na farko yake tsayawa, sai dai shi iska yake fitarwa, ita ke kumbura ƙullu.

To mu dawo Saminaka. Ƙwayar masara ba matacciya ba ce, ai shi ya sa in ka shuka take tsirowa. Akwai ɗan tsiro a cikinta yana barci, da guzurinsa na sitaci. In ta bushe sosai, wato laimar da ke cikinta ta sauko wajen kashi 13 cikin 100, numfashinta yana yin ƙasa ƙwarai har kamar babu. Amma in aka ɗura ta da sauran danshi, sai ta farka ta fara ƙona guzurinta. Kuma ba ita kaɗai ba ce a buhun. Akwai funfuna, akwai ƙwari, dukkansu masu rai ne, dukkansu irin wannan numfashi suke yi, kuma a gaskiya a cikin hatsi mai danshi su ne suka fi masarar kanta hura wutar. Ka tuna abin da ke fita: zafi da ruwa. Zafi da ruwa kuwa su ne abin da funfuna da ƙwari ke so su yaɗu. Suna yaɗuwa zafin yana ƙaruwa, laima tana ƙaruwa, abu yana ciyar da kansa. Buhun tsakiya ya fi zafi don ba shi da inda zai fitar. Haka harawa ke yi in an tara ta ba ta bushe ba, wani lokaci har ta kama wuta da kanta.

Batun nauyi kuma, ɗauko alƙalami. A ce ka ɗura buhu mai kilo 100 alhali laimar masarar kashi 20 ce. In ta bushe ta dawo kashi 13, buhun zai koma wajen kilo 92, ba tare da kowa ya taɓa ƙwaya ɗaya ba. Kilo 8 sau buhu 40, kilo 320 ke nan, fiye da buhu uku sun bi iska. Ka ƙara da abin da numfashi ya ƙone da wanda ƙwari suka ci. Ni ban san yaronka ba, ba kuma zan rantse a kansa ba. Amma ɓarawo ba ya sa buhu zafi, ba ya sa shi gumi. In ɗinkin bakin buhunan yana nan yadda ka yi shi, a ganina ka kira yaron nan ka ba shi haƙuri tun maganar ba ta kai gidan iyayensa ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ma ba nauyin ba ne, warin nan ne. Wata funfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da dafi da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin masara irin wannan. Saboda haka ka farke buhunan yau ba gobe ba, ka shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan turɓaya ba. Duk wadda ta canza launi, ta yi kore-kore ko baƙi, ko ta dunƙule, ka ware ta. Kada iyali su ci, kada a kai kasuwa wani ya saya wa 'ya'yansa, kada kuma a ba kaji ko shanun tatsa, domin dafin yana bi ta cikin nono.

Yadda za ka san ta bushe kuwa, bayan gwajin haƙori da kowa ya sani, ga wata dabara. Ka samu kwalba busasshiya, ka zuba masara kamar sulusinta, ka ƙara busasshen gishiri cokali biyu ko uku, ka rufe ka girgiza sosai, ka bar ta ɗan lokaci ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa, a mai da ita rana. In ka tashi jerawa kuma, ka sa katako a ƙasa, ka bar rata tsakanin buhu da bango.

Wanda ya fahimci numfashin nan yana iya juya shi ya zama makami. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masu wake suka sani, ba magani a cikinsa ko kaɗan. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru suka faro dabarar tun wajen ƙarshen shekarun 1980, aka kuma shiga yaɗa shi sosai a ƙasashenmu daga 2007. In ka ɗaure bakin kowace leda tam, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye oksijin ɗin da ya rage. Daga nan su daina ci, su daina haihuwa. Har ila yau, tun da ƙwaron da ke cikin busasshen wake yawancin ruwan da yake samu shi ne wanda murhunsa ke ƙerawa, in ba oksijin ba ruwa, sai ƙishirwa ta ƙarasa shi. Amma sharaɗi biyu ne: kada ledar ta huje ko da tsinin allura, kuma kada a sa hatsi mai danshi, don in ka kulle shi da ruwansa tsami zai yi kamar ƙullu.

Masu tumatir da tattasai da alayyafo, ku naku kayan sun fi hatsi saurin numfashi nesa ba kusa ba, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin sau biyu ko fiye. Kwandon da aka bari a rana a bakin titi yana jiran motar Legas, cin kansa yake yi. A tsinka da sanyin safiya, a ajiye a inuwa, kada a danne. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000, sanyaya kayan take yi don numfashinsu ya lafa. Saiwar shuka ma tana numfashi a cikin ƙasa, shi ya sa masarar da ruwa ya kwanta mata kwana da kwanaki take yin ɗorawa ta mutu, alhali ga ruwa har wuya. Shaƙewa ta yi.

Saura gargaɗi, kuma don Allah a kasa kunne, domin nan batun rai ne. Akwai abubuwa a gidajenmu da ke kashe murhun nan. Rogo mai ɗaci yana da dafin da ke zuwa daidai wurin da oksijin ke karɓar kaya a ƙarshen layi ya toshe shi, sai mutum ya shaƙe alhali huhunsa cike da iska. Shi ya sa ake ɓare shi, a jiƙa kwana uku zuwa biyar, ko a gurza a matse a soya, kuma ba a ba yara shi ɗanye. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin hatsi, mai fitar da iska mai warin tafarnuwa, ita ma murhun take lalatawa, na ƙwaro da na mutum duka, kuma ba ta da makari. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko wanda ke manne da shi. Hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi yana da wata iska mara launi mara wari, wadda ke kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da wani abu, ta hana shi kai kaya. Mutum yakan ji ciwon kai da kasala ne kawai, ya kwanta, shi ke nan. Janareta waje, nesa da taga.

Haka kuma rumbun ƙasa ko babban rumbun da ya daɗe a rufe da hatsi, ko tsohuwar rijiya. Masu numfashi a ciki sun riga sun shanye oksijin sun bar kabon dayoksaid, ita kuwa ta fi iska nauyi, a ƙasa take kwanciya. A buɗe a bari ya sha iska sosai kafin a shiga, kuma mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, da mutane a sama riƙe da ita. Masu haƙar rijiya na da sukan zura fitila tukuna, in ta mutu ba mai sauka, domin abin da wutar fitila ke bukata shi ne dai murhun jikinka ke bukata. Sai dai ba a yin wannan gwaji a ramin masai, don iskar can tana iya kamawa da wuta. In kuwa wani ya faɗi a ciki, kada na biyu ya yi tsalle ya bi shi hannu sake, sau da yawa haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

Malam mai masara, muna jiran wasiƙarka ka gaya mana buhu nawa ka tsirar bayan shanya, da kuma yadda kuka ƙare da yaron. Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.